Ajiya Maganin Wata Rana

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in gaya wa 'yan'uwana akawuna da malamai abin da ya same ni, ko Allah ya sa wani ya tsira daga irin kunyar da na sha.

Ni mutumin Durba ne, a ƙasar Kibiya, kusa da Rano. Da na fito makarantar mishan sai na koyi aikin akawu a hannun wani dattijo wanda ya tsufa a kan tafireta. Shi ba ya buga takarda ɗaya tak. Kullum sai ya haɗa uku da baƙar takardar kabon a tsakani, ɗaya ta mai ita, ɗaya ta fayil, ɗaya ta kundin da a ke jera wasiƙu bi da bi. Ko ya tuna ko ya manta, kwafi ya samu, gama bugu ɗaya ne ya haife su duka. Mu kuwa samari sai mu riƙa yi masa dariya a ɓoye, muna cewa kwamfuta ta zo, zamaninsa ya wuce.

Wata rana wani tsoho, abokin mahaifina, ya zo da maganar rabon gona tsakaninsa da 'ya'yan wansa marigayi, wadda a ka daidaita gaban shaidu. Na buga masa yarjejeniyar a kwamfuta, na fitar da biyu, kowa ya dangwala yatsa. Bayan damina biyu ruwa ya kada bangon ɗakinsa, akwatin takardunsa ya jiƙe sarai. Ta wajen yaran kuma a ka ce an nema ba a gani ba, ga shi biyu daga cikin shaidun sun riga mu gidan gaskiya. Sai ya zo ya ce, "Ɗana, fitar mini da wata." Na ce, "To, Baba, yanzun nan."

Na duba, na sake dubawa, babu. Ashe na yi abin da yawancinmu mu ke yi, watau a buɗe takardar jiya, a share suna da iyaka, a sa na yau, a ajiye a kanta. Yarjejeniyar wani ta haye tasa. Fayil kuwa ban sa kome a ciki ba, don na dogara ga na'ura. Tsohon nan bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Ba kome, ɗana, haka Allah ya so," ya ɗauki sandarsa ya fita. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Har yau yankin gonar nan da a ke jayayya a kansa ba mai nomansa, gidajen biyu kuma ba su zuwa sunan juna.

To, daga baya wani saurayi masanin kwamfuta a Kano ya nuna mini maganin abin. A ofishin da kwamfutoci da yawa su ke tarayya da firinta ɗaya, sau da yawa takarda ba ta tafiya kai tsaye. Sai ta biya ta wata babbar kwamfuta da a ke kira saba, wasu su ce uwar garke, ta shiga layi, sa'an nan a miƙa ta ga firinta. Bisa al'ada da an gama bugawa sai sabar ta jefar da ita. Amma ana iya umartarta kada ta jefar, ta mai da ko wace takarda hoto mai karantuwa, ta rubuta ranar da sa'ar da sunan wanda ya aiko, ta adana. Ba ruwanta da mantuwar akawu. Da na ji haka na ce, ashe kabon ɗin dattijona ne ya dawo cikin sabuwar riga.

Abin nan ba sabo ba ne. Tsarin da a ke kira CUPS, wanda wani Ba'amurke, Michael Sweet, ya fitar a 1999, kamfanin Apple kuma ya saye shi a 2007, yana iya riƙe abin da a ka buga. Windows ma yana da wurin da a ke zaɓar haka. Irin takardar da ya kamata a adana ita ce PDF, wadda kamfanin Adobe ya fitar a 1993. Akwai kuma irinta ta ajiya mai tsawo, PDF/A, wadda a ka tabbatar da ƙa'idarta a 2005. Ita tana tafe da haruffanta a jikinta, saboda haka ƙ da ɗ da ɓ namu ba za su rikiɗe ba ran da a ka buɗe ta a wata na'ura.

Amma kada wani ya ce na yabi doki ban faɗi halinsa ba. Da fari, abin da sabar ta adana ba shi da sa hannu, ba shi da hatimi, sai a ɗauki hoton wadda a ka sa wa hannu a haɗa su. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda kotu ta karɓi takardar da kwamfuta ta fitar, amma sai an nuna na'urar tana aiki daidai a lokacin. Na biyu, sabar ba ta zaɓe. Takardar albashi, da ta asibiti, da wasiƙar da akawu ya buga wa surukinsa a ɓoye, duk za ta kwashe. Lalle ne a sanar da ma'aikata tun da wuri, mabuɗi kuma ya zauna hannun amintacce, gama Dokar Kare Bayanai ta 2023 ba ta bar asirin mutane a banza ba. Na uku, na'ura tana mutuwa, tsawa tana ƙona ta, ɓarawo yana ɗauka. Sai a riƙa kwafe ajiyar ana kai ta wani gida dabam.

Ya ku 'yan'uwa, ku tuna a 1954 a ka kafa gidan ajiye takardun Nijeriya bisa ƙoƙarin Dokta Kenneth Dike. A reshensa na Kaduna akwai takardun Lardin Kano na zamanin Turawa, masu bincike suna karanta su. Me ya sa su ka samu? Domin akawunan da sun ajiye kwafi. Mu fa, da injunanmu masu tsada, me za mu bar wa jikokinmu?

Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomi, da hedimastoci, da magatakardan hakimai su duba wannan magana. Gemuna ya riga ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa. Ni dai yanzu ba takardar da ta ke fita hannuna sai ta bar 'yar'uwarta a baya, amma wannan bai mayar wa Baba gonarsa ba.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Durba.