Kayan Aikin Mai Koyon Sarewa

Manomi ba ya fita gona da hauya kaɗai. Yakan rataya gorar ruwa, ya jefa dutsen washi cikin burgami, don ya san hauyar da ba a wasa ba gajiyar da mai ita take yi. Haka yake ga mai busa sarewa. Na yi shekaru ina busa, ina kuma koya wa yara a Maraɗi, kuma tambayar da iyaye suka fi yi mini ita ce, "Malam, ban da sarewar, me kuma za mu saya?" Sau da yawa sukan yi tambayar da fargaba, suna tsammani zan lissafa musu kayan da sai an aika Yamai ko Kano. Amsar da nake ba su ita ce nake so in shimfiɗa a nan: yawancin abin da mai koyo yake bukata yana cikin gidansu tun tuni.

Sarewa iri biyu na sani. Ta fari ita ce ta makiyaya, wadda ake yi da kara ko gora, mai ramuka huɗu, ana hura ta ta baki a ɗan karkace. Ita na fara ji ina yaro, wurin Fulanin da suke sauka gonakinmu bayan girbi. Yanzu har da bututun roba ake yin ta. Kada kowa ya raina ta, gama da sarewar gargajiya Yacouba Moumouni, jagoran ƙungiyar Mamar Kassey da aka kafa a Yamai a 1995, ya zaga ƙasashen duniya. Ta biyu ita ce ta ƙarfe, ta Turawa, wadda ake riƙewa a gicciye. Wani Bajamushe maƙerin zinariya, Theobald Boehm, mutumin Munik, shi ya tsara ta a 1847 bisa fasalin da muke gani yau. Gaɓa uku gare ta: kai, da jiki, da ƙafa. In an harhaɗa su tsawonta ya kusa santimita 67. Ramukanta sun fi yatsun mutum yawa, don haka aka yi mata maɓallai masu rufe ramukan a madadin yatsu.

Kayan aiki na fari shi ne kwalba. Kwalbar lemo da aka shanye ta isa. Dalili kuwa shi ne, sarewa ba ta da wani harshe a ciki mai kaɗawa kamar na algaita. Iskar bakin mutum ce take bugun gefen rami ta rabu biyu, rabi ciki rabi waje, daga nan murya take fita. Wanda bai iya wannan ba, ko an ba shi sarewar zinariya huci kawai za a ji. To, bakin kwalba shi ma haka yake aiki. Yaro ya ɗora shi ƙarƙashin leɓensa na ƙasa, ya hura iska ta ƙetare ramin, har ya sami inda kwalbar take amsawa. Ni nakan bar sabon ɗalibi da kwalba mako guda cur. In ya sami muryar, sai in sa ya zuba ruwa kaɗan ya sake hurawa. Zai ji muryar ta hau. Ya ƙara ruwa, ta ƙara hawa. Ba tare da dogon bayani ba ya gane asirin kowace sarewa: in iskar da ke ciki ta gajarta murya ta sirance, in ta yi tsawo murya ta yi kauri. Aikin ramuka ke nan.

Akwai wata fa'ida kuma. Sabon mai busa yakan zubar da iska da yawa har jiri ya ɗebe shi. Gara jirin nan ya same shi yana riƙe da kwalba, da a ce yana riƙe da sarewar aro.

Na biyu shi ne madubi. Mutum ba ya ganin bakinsa, kuma a leɓe rabin aikin yake. Ƙofar da iska take fita tsakanin leɓɓa kamata ya yi ta zama ƴar ƙarama, kamar ƙwayar shinkafa a kwance, tana daidai tsakiyar ramin sarewa. Zan iya gaya wa yaro sau ashirin cewa bakinsa ya karkace, ya ce, "To, Malam," ya ci gaba yadda yake. Amma in ya tsaya gaban madubi sai ya gyara da kansa, don gani ya kori ji. Madubin yana nuna masa kafaɗunsa kuma. In suna ɗagawa duk lokacin da ya ja numfashi, to a ƙirji yake tsayar da iskar, bai kai ta ciki ba. Tsohon da ya koya mini sarewar ƙarfe madubin babur ne da ya fashe a gefe ya kafa a bangon zaurensa. Yakan ce mini, "Ɗana, ni sau ɗaya kake ganina a mako, wannan kuwa kullum yana nan."

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, wato kayan da suke tsare ran sarewar kanta. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan matashi zagayayye, na ulu da aka matse, an lulluɓe shi da tantani siriri wanda aka saba samowa daga hanjin shanu. Shi ne yake toshe rami. In ɗaya tak ya tsage ko ya ƙanƙance, iska ta riƙa sulalewa, muryoyin ƙasa su ƙi fita. Yaro ya yi ta fama, ya zaci shi ne bai iya ba, ƙarshe ya jefar da koyon. Na ga yara masu kunne da basira sun bar busa saboda wannan, alhali laifin na wani ɗan tantani ne da bai kai faɗin dala ba. A ƙasashen da ake ƙera sarewar, sai a kai wa mai gyara ya sake matashin. Mu nan mai irin wannan gyara yana da wuyar samu, kayan gyaran ma haka. Saboda haka rigakafi ya fi magani.

Abokan gaban matashin nan uku ne, kuma duk muna da su a yalwace: laima, da ƙura, da zafi. Numfashin mutum yana da ɗumi da laima, in ya taɓa ƙarfe sai ya zama raɓa a cikin bututun. In aka rufe sarewa da raɓar nan, matasai su sha ruwa su kumbura, sa'an nan iskar hunturu ta busar da su farat ɗaya, su tsattsage. Maganin abin sanda ce siririya mai ido a kai kamar na allura, da ƙyallen auduga mai laushi. A zura bakin ƙyallen cikin idon, a naɗe kan sandar da shi don kada ta karce cikin bututu, a goge kowace gaɓa bayan kowace busa. Tsohon rawani da ya sha wanki ya fi kowane ƙyalle. Ƙyallen da ya jiƙe kuma ba a kwantar da shi cikin akwati tare da sarewa, a shanya shi waje. A sami wani ƙyalle dabam na share gumin yatsu daga bayanta.

Yawancin sarewar ƙarfe da sandarta take zuwa, kuma akwai wani abu a jikin sandar da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Kusa da gindinta an yi wani ɗan zane, wajen milimita 17 daga ƙarshe. Cikin kan sarewa akwai matoshi na ɓawon itace, wanda zamansa daidai yake sa muryoyin sama da na ƙasa su jitu. In ka zura gindin sandar cikin kan har ya taɓa matoshin, zanen nan ya kamata ya bayyana a tsakiyar ramin busa. In ya goce, matoshin ya motsa. A ƙasa mai fari irin tamu ɓawon yakan bushe ya saki, don haka nakan duba nawa duk shigowar hunturu.

Ƙura kuwa akwati ne maganinta. Sarewa ba ta kwana a haɗe bisa tabarma ko a jingine da bango. A raba gaɓoɓinta, kowace ta koma gurbinta, a rufe. Ƙurar hunturu takan shiga ko ta ina, shi ya sa na sa tela ya ɗinka wa akwatina riga mai zif da ragowar yadi mai kauri. Game da zafi, kada a bar akwati a rana ko cikin mota a rufe, balle a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40. Da danƙo ake manne wasu matasan da ƴan ɓawon da ke ƙarƙashin maɓallai, zafi kuwa yana sassauta shi.

Wani ƙaramin abu mai amfani shi ne takardar naɗin taba, marar danƙo. In maɓalli ya fara mannewa yana ƙara "ɗas, ɗas", sai a sa takardar ƙarƙashinsa, a danna a hankali, a saki, sa'an nan a zare. Ba a jan ta maɓalli yana danne, don kada a yage tantanin. Abin da yake jawo mannewar yawanci sukari ne. Wanda ya sha shayi ko ya ci dabino, ya kurkure baki kafin ya busa. Ashe buta ma tana cikin kayan aikin mabushi.

Sarewar kara ba ta da matasai, amma ita ma tana son kulawa. Tsagewa ce ajalinta. Makiyayan da na sani sukan shafe ta da ɗan man shanu, su naɗe bakinta da gindinta da zare ko fata. Baduku yana iya ɗinka mata kube irin na wuƙa. Bambancin kawai shi ne, in ta fashe gona tana da wani karan.

Bayan baki da tsabta, sai kunne. Akwai na'urar da ake kira metronom, ni kuwa agogon kiɗa nake ce mata. Johann Maelzel ne ya yi rajistar ta da sunansa a 1815. Tana bugawa ƙwas, ƙwas, daidai wa daida, daga bugu 40 zuwa 208 a minti, gwargwadon yadda aka saita ta. Amfaninta shi ne ta hana mai koyo gudu a wuri mai sauƙi da jan ƙafa a wuri mai wuya, halin da kowane ɗalibi yake da shi. Yau ana saukar da ita kyauta cikin salula. Wanda ba shi da salula, agogon bango mai ƙara yana ba shi bugu 60 a minti, kuma wannan ya isa aikin da ya fi kowane muhimmanci: riƙe murya ɗaya, a miƙe, ba rawa, har bugu takwas, gobe goma, wata mai zuwa goma sha shida. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai abin daidaita murya. Na dā wani ɗan ƙarfe ne mai ƙafa biyu, wanda Baturen Ingila John Shore, mai busa ƙaho, ya ƙirƙiro a 1711. In an buga shi a gwiwa aka kai kunne sai ya ba da muryar La, wadda aka daidaita a kan girgiza 440 cikin sakan ɗaya. Shi ma yanzu akwai madadinsa a salula. A nan ma yanayinmu yana da abin faɗi. Sauti ya fi sauri cikin iska mai zafi, saboda haka muryar sarewa takan hau da rana tsaka, ta sauka da sanyin asuba. Mai busa shi kaɗai ba zai damu ba. Amma in zai busa tare da mai jita ko mawaƙa, sai ya ɗan zaro kan sarewar daga jikinta in ta hau, ya tura shi ciki in ta sauka. Gargaɗina ɗaya ne: a dubi na'urar a farkon zama, sa'an nan a kife ta. Yaron da ya saba daidaita murya da ido, ranar da caji ya ƙare kunnensa ba zai cece shi ba.

Sauran kayan ba su bukatar dogon zance. Abin ɗora takarda, wanda kafinta zai haɗa da ƴan katakai, tsayinsa daidai idon mai busa, don wanda ya shimfiɗa takarda a ƙasa ya sunkuya ya matse maƙogwaronsa. Fensir, don sa alama inda za a ja numfashi. Ƙaramin littafi na rubuta abin da aka yi kowace rana. Salula kuma tana da wani aiki: ɗalibi ya ɗauki busarsa, ya ajiye, ya saurara bayan wata uku. Ranar da ya karaya yana cewa ba ya ci gaba, wannan ɗaukar ce za ta ƙaryata shi.

Akwai kuma kayan da nake roƙo a nisanta da sarewa. Toka da yashi da ruwan goge ƙarfe, waɗanda ake sa tukunya ta yi ƙyalli da su, suna cinye azurfar da aka shafa mata, su kuma shiga matasai. Man keken ɗinki yana tara ƙura cikin maɓallai. Ƴan ƙusoshin da ke jikinta kuma ba na taɓawa ba ne. Wani saurayi ya taɓa kawo mini tasa bayan wani mai gyaran rediyo ya ɗaure masa su duka tamau, da kyakkyawar niyya. Sarewar ba ta ƙara magana ba. Baƙin da azurfa take yi ba ya rage murya ko kaɗan, a bar shi.

Na san akwai sarewa da dama da aka kawo kyauta makarantu da gidajen matasa, suna kwance cikin kabad, wasu sun mutu don rashin ƙyalle, wasu an kulle su don tsoron kada yara su ɓata. In akwai irinta a hannunka, mai karatu, ka fito da ita ka duba matasanta. In da sauran rai, ka nemi yaron da yake tsayawa in ya ji ana busa. Ka ba shi kwalba tukuna. In ya dawo bayan mako guda kwalbar tana amsa masa, ka nemo madubi da tsohon rawani, ka koya masa goge ta da rufe ta tun kafin ka koya masa waƙar fari.