Me ya sa CapCut ke maƙalewa a wayarka mai "RAM 16GB"?

Kusan kullum sai an kawo min waya shago wai ta lalace, da an ɗora bidiyo a CapCut sai ta dinga sandarewa. In duba, lafiyarta ƙalau. Mai ita ya ce ai RAM ɗinta 16GB ne.

Ɗan'uwa, sake duba kwalin, 8GB+8GB aka rubuta. Takwas ɗin farko ne na gaske, sauran aro ne daga ma'ajiyar wayar, ita kuwa ko kusa ba ta kai RAM sauri ba. Balle in eMMC ce, irin wadda ake haɗawa da Helio G85. Ni dai in don haɗa bidiyo ne, gara Helio G99 mai UFS, ko da 6GB ce.

Sai kuma zafi. Furosesa in ta ɗau zafi, da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. Ga ranar Afrilu, ga caji a jone, ga rigar roba mai kauri, kuma kana neman fitar da 4K, wanda ɗigon hotonsa ya ninka na 1080p sau huɗu. Haba! Zare cajin, cire rigar, ka fitar a 1080p. In ma WhatsApp za ka tura, matse shi zai yi.