Ginin da ya tsaya a linta

Duk wanda ya tashi daga Bagudo ya ƙetare gadar Tuga ya nufi Ka'oje ko Tsamiya, in yana duban gefen garuruwan da yake wucewa, akwai wani irin gini da zai yi ta gani har ya daina ƙirgawa. Ɗaki biyu ne ko uku na bulo, an ja su har saman taga, an zuba linta, daga nan aka tsaya. Rodi na leƙowa ta kusurwa, ya yi ja da tsatsa. A ƙofa akwai ragowar yashin da yara suka baje da wasa, a ciki kuwa tafasa ta fito ta bushe, ta sake fitowa ta sake bushewa. Wani wurin ma mai shi ya shuka kuɓewa a inda falo zai kasance. Da azahar awaki kan raɓe a jikin bangon suna rabon 'yar inuwar da ba ta wuce taku biyu ba.

Na daɗe ina kiran waɗannan gine-gine kango, sai da wani ƙanen mahaifina ya gyara mini magana. Muna zaune a kan tarin bulonsa da yamma, na ce, "Baffa, yaushe za a rufe kangon nan naka?" Ya ce, "Kango gidan da aka tashi ne, ɗana. Wannan ba a shiga ba tukuna." Na tambaye shi nawa ya kashe zuwa yanzu. Ya yi shiru yana kallon bangon, kuma na gane cewa da gaske bai san jimillar a naira ba. Da ya buɗe baki sai ya nuna ƙasa ya ce harsashin nan shinkafar rani ce ta shekarar da aka rufe boda. Bulon da ke kai bijimi ne. Linta kuwa kuɗin da ɗansa ya aiko daga Kwatano ne. Tun daga ranar, in na ga gini a tsaye, nakan duba launin bulonsa. Sau da yawa layukan ƙasa sun yi duhu, na tsakiya sun yi toka, na sama suna da haske, kowanne da shekararsa.

Me ya sa a linta ake tsayawa, ba a ƙasa da nan ba? Amsar tana cikin yadda kuɗi ke zuwa hannun manomi. Har zuwa linta ana iya gini da guntu-guntu. Ka sayar da shinkafa buhu uku, ka sayi siminti, ka kira mai buga bulo. Siminti ba ya jira, in ya kwana biyu a ɗaki ya sha danshi sai ya zama dutse, don haka dole a juye shi ya koma bulo nan da nan. Bulo kuwa ba ya ruɓewa, ɓarawo bai cika damuwa da shi ba, kuma babu ɗan'uwan da zai zo da asuba ya ce a ranta masa bulo hamsin matarsa ta haihu. Kuɗin da ke aljihu masu shi da yawa: biki, suna, asibiti, maƙwabci. Ga kuma naira da ke zubewa a hannun mai riƙe da ita. Tarin bulon da ke ƙofar gida asusu ne, kuma a 'yan shekarun nan ya fi asusun banki riƙe amana.

Rufi ne ba ya karɓar guntu-guntu. Katako in ka saye shi ka ajiye, rana ta lanƙwasa shi, gara ta shiga. Kwano da ƙusa da kafinta duk rana ɗaya suke son a sallame su. Bandir ɗaya falle 20 ne, kuma gida mai ɗaki uku da falo yana cin bandir da dama. Wannan dunƙulallen kuɗin ne ke gagarar mutumin da abin hannunsa ke zuwa sau biyu a shekara, da kaka da kuma lokacin yankan shinkafar rani.

An taɓa samun 'yan shekarun da rufi ya yi sauƙi. Bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, shinkafa ta yi daraja, kuma mutanen fadama suka ga kuɗin da ba su saba gani ba. Wanda ya san ƙauyukan bakin kogin Kwara kafin lokacin ya san yadda sabon kwano ya riƙa ƙyalli daga nesa bayan haka. A 2019 buhun siminti mai kilo 50 bai kai naira 3,000 ba. A watan Fabrairun 2024 ya haura naira 10,000 a garuruwa da yawa, har Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka ce an daidaita a kan 7,000 zuwa 8,000. Mutumin da ya zana harsashinsa da lissafin 2019 ya wayi gari yana bin gidansa da gudu, gidan yana ƙara nisa. Ɗaki ɗaya mai ƙafa 12 kowane gefe yana cin bulo wajen 400 kafin a kai inda za a ɗora katako. Sai mutum ya ninka wannan da yawan ɗakunan da ya zana, kafin a zo maganar simintin ɗora bulon, da filasta, da daɓe.

Farashin da ake faɗa a rediyo kuma na birni ne. Masana'antar siminti mafi kusa da mu ita ce ta Kalambaina a Sakkwato. Kafin buhu ya bi ta Tambuwal da Jega ya gangaro, ya ƙetare kogi, a sauke shi daga babbar mota a ɗora a ƙarama, wani lokaci a ƙarasa da shi a kan babur ko amalanke, kowane hannu ya taɓa shi ya ƙara masa wani abu. Yashi ma haka. Baƙo zai ce ai ga kogi nan, yashi kyauta ne. Amma abin da ake biya kuɗin man tifa ne da masu lodi da direba, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 komai da ke tafiya a kan taya ya tashi. Mutanen bakin iyaka sun riga kowa ɗanɗana wannan, don tun a Nuwamban 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wata uku bayan rufe bodar kanta. A lokacin mai gini a wajajen Lolo ko Tsamiya da jarka yake neman man da zai tayar da injin ban ruwa.

Ruwa shi ne kuɗin da ba wanda ke sa shi a lissafi sai ya fara. Sabon bulo yana son a shayar da shi safe da yamma na kwanaki, kuma mafi yawan gini da rani ake yi, a watannin Maris da Afrilu da ruwa ke bushewa kafin mai zuba shi ya juya baya. In babu rijiya kusa, 'yan garuwa kaɗai sun isa su cinye kuɗin buhu guda.

Sai kuma sefa. A nan kuɗi iri biyu ke yawo a kasuwa, naira da sefar ƙetaren iyaka, kuma kowane ɗan kasuwa ya san canjin yau kafin ya karya kumallo. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, naira kuwa an sake ta a watan Yunin 2023, kuma a 2024 jikar sefa, wato faran 1,000, ta wuce naira 2,000. Wannan ya raba maƙwabta gida biyu. Wanda ke da ɗa yana aiki a Malanbil ko Kwatano, in aka aiko masa da abin da a can bai taka kara ya karya ba, a nan sai ya zama bandir. Wanda abincinsa duk a naira yake, ya tarar mai sefa ya zo shago ɗaya da shi yana saye ba ya ko taya. Har ƙwararren birkila ya zama abin nema, don in aka kira shi aiki Segbana a ƙetaren iyaka za a biya shi da kuɗin da ba ya ramewa a hanya, kuma ban ga laifinsa ba. Dandawa da Zabarmawa da Busawa da Fulani da Hausawan wannan yanki dangi ne ta kowane ɓangaren iyakar, amma gidajensu ba sa tashi da sauri ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ake rage kuɗin. Tunda ba a iya rage farashin siminti, sai a rage simintin. Buhun da ya kamata ya ba da bulo mai inci tara talatin da 'yan kai, sai a ja shi ya ba da hamsin ko fiye. Ka ɗauki irin wannan bulon ka murza gefensa da yatsa, yashi ya zubo. Na ga an sauke lodi daga mota, kafin a gama jerawa kusan kashi ɗaya cikin goma ya farfashe, mai gini yana tsaye yana cewa a tara gutsattsarin za su yi cikon daɓe. Rodi ma ana sa siriri a inda mai kauri ya dace. Gidan da iyali za su kwana a ciki shekara talatin ne ake yi wa haka, a ƙasar da iskar farkon damina ke ɗauke rufi sukutum.

Mutum zai ce to a koma ginin ƙasa mana. Ni ma zuciyata tana can. Gidan kakanmu na tubali ne, rufin azara, kuma da gayya aka gina shi: aka kwaɓa ƙasa da ƙafa, mata suka ɗebo ruwa, aka ci tuwo aka watse. Da tsakar rana a watan Afrilu ɗakin nan sanyi gare shi, alhali ɗakin bulo da kwano marar silin sai dare ya raba ake iya shigarsa. Amma ba zan ɗora wa mutanen fadama laifin gudun ƙasa ba. Wanda ya ga ambaliyar 2020, lokacin da Kwara ta cika ta shanye gonakin shinkafa ta shiga gidaje, ya ga yadda bangon ƙasa ke jiƙa daga gindi ya zauna gaba ɗaya. Ga giginyar da ake samun azara ta yi ƙaranci, ga yaɓe duk shekara, ga samarin da za su yi gayya sun tafi cin rani. Kuma akwai maganar da ba a faɗa a fili: gidan amarya in ba na bulo ba ne, dangin yarinya sukan yi gunaguni.

Akwai hanya a tsakani wadda na ga 'yan ƙalilan sun bi, kuma ina ganin sun fi mu dabara. Sukan zuba harsashi na dutse da siminti mai kyau, su ɗaga shi sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, su ɗora ƙasa a kai, su fito da bakin kwano sosai don ya kare bango daga feshin ruwa. Simintin da za a watsa a ɗaki huɗu ya zama gari, an tara shi a inda ake bukatarsa.

Baffa bai bi wannan hanyar ba, ya riga ya yi nisa da bulo. Abin da ya yi bara shi ne ya haƙura da jiran ranar da zai rufe gidan duka. Ya sayi bandir ɗaya da 'yan falle, ya rufe ɗakin da ke kusurwar gabas, ya sa ƙofar ƙarfe, ya toshe tagar da buhu kafin a samu na walda. Ƙaramin ɗansa da matarsa suna ciki yanzu, sauran ɗakuna biyun kuma an daina barin awaki su shiga.

Kai da ke shirin kiran birkila bana ya ja maka igiya, kafin ka ce masa ɗaki huɗu da falo, ka je shagon kwano ka tambayi kuɗin bandir, ka je wurin mai katako, ka tambayi kafinta. Ka zana abin da za ka iya rufewa cikin kaka biyu, ka bar sauran filin a buɗe, kuma ranar buga bulo ka tsaya a wurin da kanka ka ƙirga abin da kowane buhu ya fitar.