Man da ke tafasa ba wuta

A Balensiya, birnin da ke bakin Bahar Rum a gabashin Sifen, jami'ar fasaha ta garin tana da wata cibiya da ake kira CMT, wadda ta yi suna wajen binciken injinan mota. Na shiga ina jiran warin gas da ƙarar ƙarfe, domin a sanina duk inda ake aikin inji sai ka ga baƙin mai a farce. Injinan suna nan kam, a ɗakunan gwaji. Amma inda aka zaunar da ni ofis ne tsit, samari da 'yan mata kowa ya duƙufa a kan kwamfutarsa. Abin da ya cika allon wanda ke kusa da ni hoton rami ɗaya ne, an rina shi shuɗi da ja.

Ramin nozul ne, wato kan injekta da ke fesa gas cikin inji. Faɗinsa tsakanin milimita 0.1 ne da 0.2, tsawonsa kamar milimita 1. A injinan zamani ana tura man da matsi da ke kaiwa bar 2,000 (bar ma'aunin matsi ne), alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da 'yan kai ba. Da wannan matsi man yakan ratsa ramin da gudun sama da mita 500 a daƙiƙa, ya fi sauti gudu a cikin iska.

A nan ne abin ya ɗaure mini kai. Matashin da ke kusa da ni ya nuna mini wani jan zare da ya kwanta a jikin bangon ramin, ya ce tururi ne, man ne ya tafasa. Na tambaye shi wace wuta ta tafasa shi, ya ce babu. Tun tasowata tafasa da wuta tare na san su. Ashe abu mai ruwa-ruwa yana tafasa ta hanya biyu: ko a ƙara masa zafi, ko a rage matsin da ke kansa. Idan man ya zo shiga ramin yakan sha kwana mai kaifi, sai ya saki bango, hanyarsa ta tsuke, gudunsa ya ƙaru. Daidai wannan lungu matsin yakan faɗi warwas, man ya koma kumfar tururi. Da kumfar ta isa inda matsi ya dawo sai ta rufta farat ɗaya, ta doki ƙarfen. Duka ɗaya ba komai ba ne, amma miliyoyinsa sukan ci ƙarfe har ya yi ƙuraje. Tun a 1917 Lord Rayleigh na Ingila ya yi lissafin ruftawar irin wannan kumfa, a zamanin da take cinye farfelar jiragen ruwa.

Na ɗauka burin masu binciken su kawar da kumfar baki ɗaya, sai na tarar abin bai kai nan sauƙi ba. Kumfar tana rage yawan man da ke wucewa, tana kuma lalata ramin. Amma tana taimaka wa man ya farfashe ya zama feshi, kuma tana hana dauɗa manne wa bango. Shi ya sa masu ƙera nozul ke goge bakin ramin ya yi santsi, su sa shi ya riƙa tsukewa zuwa waje, suna neman daidai gwargwado.

Ido ba ya shiga wurin, don haka lissafi ne ke gani. Ana yanka ramin a kwamfuta gida-gida har miliyoyi, a kowane gida a lissafa matsi da gudu da yawan tururi, a sake, a kuma sakewa. Abin da ke faruwa cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa yana iya cin kwanaki a manyan kwamfutoci. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su yarda da allon haka kawai ba. An nuna mini wani ɗan mitsitsin abu mai laushi: roba ce ta silikon da suke ɗurawa cikin nozul, in ta daskare su zaro ta, su auna ta da madubin ƙara girma na lantarki, domin ramin da aka huda ba ya taɓa zama daidai da na zane. A Amurka kuwa, a cibiyar Argonne kusa da Shikago, hasken eksire suke haskawa ya ratsa ƙarfen.

Sai garejinmu na gida ya faɗo mini a rai. Bakanike yakan ɗaura nozul a famfon gwaji, ya danna da hannu, ya kalli feshin, ya saurari ƙararsa, kuma sau da yawa hukuncinsa daidai ne. Ina girmama wannan ido da kunne. Amma na sha ganin an zura siririyar waya a ramin da ya toshe, mu duka mu ce an gyara tunda mai ya fito. Yanzu na san cewa ɗan ƙarzanen da wayar za ta bari a ramin ya isa ya sauya feshin, ya ƙara shan mai da baƙin hayaƙin da muke shaƙa a bayan tirela da gefen janareta.