Kafanchan: Tarihi a Bakin Tanda

Mai karatu, in hanya ta kai ka Kafanchan, kada ka yi saurin wucewa. Yi sammako ka nufi tsohuwar tashar jirgin ƙasa, wadda tun 1927 ta zama mahaɗar layin Fatakwal, Kaduna da Jos. Jirgi ya yi ƙaranci, amma tanda ba ta huce ba. Sayi waina da zafinta, da rana kuma ka nemi faten acha da yakuwa, mai sauƙi a cikin yaro da tsoho.

Daga nan kai yara gidan tarihi na ƙauyen Nok, a Ƙaramar Hukumar Jaba, inda masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. Su gane cewa gasa yumɓu a ƙasar nan ya haura shekara 2,000.

Sai dai gine-ginen tashar suna tsufa, tsofaffin da suka san girkin kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. In kun koma gida, zaunar da yara gaban kaka, su rubuta yadda take jiƙa shinkafa da kwaɓa ƙullu, tun tana raye.