NEMAN GAURAKA A ƘASAR BADE DA TUDDAN YUSUFARI

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ɗan fili cikin jaridarka, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin tafiyar da muka yi da hunturun bana, ni da wani abokina malamin makaranta. Kallon tsuntsaye ya kai mu, musamman gauraka, gama mun daɗe ba mu sa shi a ido ba. Da muka faɗi haka a tashar motar Nguru aka yi ta yi mana dariya, har wani ya ce aikin yi ne ya yi mana ƙaranci.

Muka fara ya da zango a Dagona, cikin ƙasar Bade, kusa da Gashuwa. Tabki ne wanda kogi ya kan cika in ya yi ambaliya, sa'an nan ya janye ya bar shi tsakiyar busasshiyar ƙasa. Nan ne Filif, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya ziyarta cikin 1989. Da muka idar da sallar asuba muka laɓe bakin ruwa, sanyi na dukanmu, muna jira hazo ya ɗaga. Ko da gari ya waye sai ga ɗinya da zalɓe da balbela, ga kuma waɗansu ƙananan agwagi jingim, waɗanda ba 'yan ƙasa ba ne. A Turai da Rasha a ke ƙyanƙyashe su. In sanyi ya matsa musu can sai su ƙetare Bahar Rum da Sahara, su sauka nan da kaka, su koma kafin bazara. An san haka ne domin masana su kan sa musu zobe mai lamba a ƙafa, a tsince shi a wata ƙasa. Ni dai na daɗe ina duban tsuntsun da bai kai kazar gida ba, ina tunanin tafiyar da raƙumi ba ya iya yi.

Gauraka kuwa babu ko ɗaya. Na tambayi wani tsoho masunci, na ce, Baba, ina suka shiga? Ya ce yana yaro kukansu ke tashinsu daga barci, amma yanzu jikokinsa ba su san muryar ba. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, da ta Challawa cikin 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Gauraka kuwa a cikin ciyayin fadama ya ke sheƙa. Ɗan abin da ya saura, masu tarko suka kama suka sayar.

Daga nan muka nausa arewa zuwa Yusufari, har Tulo-Tulo, inda ƙasa ta zama tuddan rairayi zalla. Sau biyu motarmu ta kafe, muka tura ta har muka yi da-na-sani. Amma tsakanin tuddan akwai kwaruruka masu ruwa, da goruba da dabino kewaye da su, mutane na haƙar kanwa. Duk mai fiffike a dajin nan dole ya zo nan ya sha, saboda haka wanda ya iya zama shiru da hantsi ba ya rasa abin gani. Kurciyoyi suka yi ta sauka garke garke, shirwa na shawagi bisansu. Tuje, wanda a da mafarauta ke alfahari da shi, kwana biyu muna nema ba mu gani ba. Jimina kuwa sai labari.

Sai da muka komo gari kāna muka ga gauraka, guda biyu, a tsakar gidan wani attajiri, an datse musu fiffike, suna cin dawa tare da kaji. Maigidan ya karɓe mu da mutunci, ban kuwa iya ce masa kome ba, amma raina bai yi daɗi ba.

To, ina roƙon malamai da ma'aikata masu karanta jaridar nan, daga Sakkwato har Barno, duk wanda ya ga gauraka a daji da idonsa cikin shekarun nan, ya rubuto ya faɗi wurin da watan. In akwai fadamar da ya ke sheƙa har yanzu, a sanar da hakimin ƙasar, ko ya hana masu tarko.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Malamin Makaranta.