Tausayi da Shaƙuwa a Aƙidar Mayaƙan Jedi

Akwai kalmomi biyu da na ɗauka na san bambancinsu tun ina yaro, wato tausayi da shaƙuwa. Sai da na sake kallon finafinan Star Wars, waɗanda George Lucas ya fara fitarwa a 1977, sannan na gane ban taɓa auna nisan da ke tsakaninsu ba.

Mayaƙan Jedi ƙungiya ce mai kama da ɗariƙa, masu gadin zaman lafiya a wata jamhuriya ta duniyoyi masu yawa. Makaminsu takobin haske ne. Sun yi imani da wani Ƙarfi da ya haɗa dukan rayayyu, wanda yake da ɓangaren haske da na duhu, kuma a ganinsu tsoro da fushi ne ƙofar duhun. Saboda haka suka wajabta wa kansu tausayin kowa, suka haramta shaƙuwa da mutum ɗaya. Ba aure, ba mallakar dukiya, kuma tun yaro yana ƙarami ake raba shi da iyayensa. Hujjarsu ba ta banza ba ce: wanda ya shaƙu da abu zai ji tsoron rasa shi, mai takobi kuwa idan ya tsorata, ba kansa kaɗai zai cutar ba.

Inda na saɓa da su shi ne labarin Anakin Skywalker. A fim ɗin 1999, yaro ne bawa ɗan shekara tara a duniyar hamada ta Tatooine. Qui-Gon Jinn ya ƴanta shi, aka bar mahaifiyarsa Shmi cikin bauta. Da aka kai shi gaban majalisar dattawan Jedi, kewar uwa da suka gani a zuciyarsa sai suka lissafa ta cikin aibobinsa. Shekara goma suka wuce, ƙungiyar da take alfahari da tausayin kowa ba ta je ta fanshi matar ba. Wani manomi ne ya saye ta, ya ƴanta ta, ya aure ta. A nan na ga tausayin da ba ya sanin sunan kowa yana iya zama mai sanyi ƙwarai.

Ni ma ina da kusan shekarunsa aka kai ni karatu gidan kawuna. Ɗan fari ne ni, don haka mahaifiyata ba ta kiran sunana, ranar tafiyar ma ko zaure ba ta rako ni ba. Sai a mota na tarar da ƙullin ƙuli-ƙuli a ƙasan jakata. Wannan ita ce alkunya: tana rufe ƙauna, amma ba ta ce laifi ce ba. Jedi kuwa sun mayar da ita abin tuhuma, shi ya sa Anakin ya auri Padme a ɓoye. Da ya yi mafarkin mutuwarta a fim ɗin 2005, ya je wurin Yoda ba tare da ya iya faɗin ko wace ce ba, shawarar da ya samu ita ce ya koyi sakin abin da yake tsoron rasawa. Palpatine shi ne ya saurare shi, ya yi masa alkawarin ceto, ya mayar da shi Darth Vader.

Ban wanke Anakin ba. Wanda ya karkashe mata da yara don ramuwar mahaifiyarsa ya tabbatar da rabin maganar dattawan. Sauran rabin kuwa ɗansa Luke ne ya rushe shi a fim ɗin 1983. Obi-Wan ya riga ya yanke ƙauna daga Vader, amma Luke ya ƙi kashe mahaifinsa, ya jefar da takobinsa a gaban sarkin daular. Da uban ya ga ana azabtar da ɗansa, sai ya ɗauki ubangidan nasa ya wurga shi cikin rami, ya mutu ba da jimawa ba a hannun yaron.